Kiɗa a Bakin Matan Fada: Kafuwar Bikin Argungu da Bunƙasarsa

A shekarar 1934 labari ya iso Argungu cewa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yana tafe. Wanda ya tashi yau a Sama Road cikin Sakkwato, ya saba ganin mutum ya yi asuba a gida ya je ya karya kumallo a Argungu, ba zai ga abin mamaki a nan ba, tafiyar kilomita ɗari ce ko ƙasa kaɗan. Dattawan Kabi na wancan lokaci kuwa, da yawansu sun yi wayo a ranar da rundunar Sakkwato ta zo ta yi sansani a bayan ganuwarsu. Sarakunan Musulmi sun sha nufo garin, amma da dawaki da masu. Wannan ne na farko da zai shigo ta ƙofa, a yi masa barka da zuwa, a kai shi masauki.

Sarkin Kabi Muhammadu Sama da 'yan majalisarsa sai suka tsinci kansu gaban tambayar da kowane mai gida ya sani: da me za a tarbi baƙon nan? Amsar da suka bayar ita ce ta zama abin da duniya ke kira bikin kamun kifi na Argungu. A ganina sunan ya rage wa abin tsawo. Babbar gasar su ba ta wuce kamar sa'a guda. Sauran kwanakin, dare da rana, kiɗa ne ke riƙe da garin, kuma ba a tsayar da talaka a bakin gulbi a ce sai ya biya kafin ya ji. Idan ana neman taron kiɗa na shekara-shekara, na kyauta, wanda mutanen gari suka gina da hannunsu a wannan yanki namu, to ga shi nan, an dai rataya masa sunan kifi.

Sai an koma baya kafin a gane nauyin wannan ziyara. Kabi tsohuwar daula ce. Muhammadu Kanta ya kafa ta a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai kan rabon ganimar yaƙin Agadas, wajen 1516. Ya gina birninsa a Surame, kuma kufan ganuwarsa na nan har gobe, a cikin Jihar Sakkwato ta yau, domin masu shata iyakar jihohi ba su tambayi Kanta ba. Daga baya fada ta koma Birnin Kabi, can kuma jihadi ya same ta. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice da waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Ɗan'uwansa Karari ne ya kafu a Argungu, wuri mai fadama da gulbi wanda ke wahalar da doki, har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya koma ya tada sarautar gidansu. Daga nan har zuwan Turawa ba a ajiye makami ba, in ka cire ɗan tsakanin da ake kira Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya ɗore daga 1867 zuwa 1875. Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, da ya hau a 1883, ya fi kowa takura wa garuruwan Gwandu da Sakkwato, kuma a zamaninsa ne Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo yaƙi Argungu da kansa, ya koma bai ci garin ba. Da Turawa suka zo, Argungu ta karɓe su tun kafin Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903.

Turawa sun hana yaƙi, amma hana yaƙi daban, shiri daban. Shekara talatin aka yi ana zaune a lardi ɗaya, ƙarƙashin Razdan ɗaya, ana gaisawa a takarda, zuciya kuwa kowa da abin da kakansa ya faɗa masa. Hassan ya hau a 1931, bai cika shekara huɗu ba ya yi abin da magabatansa ba su yi ba.

Abin da aka saba tarbar babban sarki da shi hawa ne: dawaki, lifidi, sulke, 'yan bindiga, a sako sukuwa a zo a yi jinjina da mashi a gabansa. To ka ɗauko Kabawa da masu tsirara su sukwano kan jikan Shehu, bayan duk abin da ya wuce, ka ce wannan girmamawa ce? Ko da baƙon ya fahimta, 'yan rakiyarsa hannunsu zai koma kan kube. Ban da haka ma, mutumin da ya fito daga Sakkwato ba za ka burge shi da doki ba. Ina jin hikimar majalisar Sama ke nan: suka nuna masa abin da su kaɗai ke da shi, abin da kuma ba ya tuna wa kowa gawa. Aka tara masunta daga garuruwan gulbi, aka zuba su cikin gulbin Matan Fada a gaban baƙon, makaɗa na binsu cikin jirage. Shekarar ce ta ƙarshe a mulkin Muhammadu Sama, Hassan kuma ya rasu a 1938. Dukkansu ba su rayu sun ga abin da suka shuka ba.

Ba sabon abu majalisar ta ƙirƙiro daga sama ba, kuma wannan ne sirrin ɗorewarsa. Tun kafin jihadi Kabawa na da hidimominsu na ruwa da na gari, suna zagayowa da shekara: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari, shan kabewa. Akwai gurabun da ake hana su a cikinsu har kifi ya yi ƙwai ya girma, sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, a yi fashin ruwa, kowa ya shiga ya ɗebi rabonsa. Dokar kiwon kifi ce tsaf, an yi ta tun babu ma'aikatar kula da albarkatun ruwa, kuma tsoron abin da ke cikin gulbi ya fi tsoron ɗan sanda tsare ta. Wani Baturen mulki mai suna P. G. Harris ya rubuta maƙala kan masuntan Kabi, aka buga ta a Ingila a 1942, shaidar cewa tsarin ya ɗauki hankalin baƙi tun bikin na yaro. Abin da 1934 ta ƙara shi ne ɗan kallo na waje. Hidimar da ake yi don ciki da don iskokin ruwa ta zama abin da ake gayyatar sarki ya zauna ya gani. Sannu a hankali yanka da tsafe-tsafe suka koma bayan fage, addu'a ta fito gaba, amma Sarkin Ruwa bai sauka ba, haka Homa, shugaban masuntan Argungu. Har yau mutanen garin za su gaya maka cewa Sarkin Ruwa ne ke sallamar kadoji kafin jama'a su shiga, kuma ba za su faɗa maka haka da murmushi ba.

A shekarun farko bikin na gida ne, fada ke ɗauke da shi, ana gayyatar sarakunan maƙwabta da Turawan lardi. Muhammadu Sani ya gaji Sama a 1934, Sama'ila ya biyo baya a 1942, Muhammadu Shefe a 1953. A 1942 ne aka tashi daga tsohuwar fada aka koma sabuwa, tsohuwar kuma aka mai da ita gidan tarihi da sunan Kanta, aka buɗe a 1958. Wanda ya shiga zai ga kayan kiɗa a jere kusa da kayan yaƙi da kayan su, kuma ba na jin haɗuwar ta zo bisa kuskure: abin da garin ya rayu a kansa ke nan. Sai Muhammadu Mera, da ya hau a 1959 ya yi shekara 37 a kan gado. Duk girman da bikin ya yi daga taron lardi zuwa taron duniya, a hannunsa aka yi shi.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1970. Yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu, gwamnatin soja na neman abin da za ta nuna cewa ƙasa ta zauna lafiya, Argungu kuma na cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, ƙarƙashin Gwamna Usman Faruk. Janar Yakubu Gowon ya zo, tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar. Zuwan Diori ya yi ma'ana ta musamman, domin Arawa da Zabarmawa da Dandawan da ke ƙetaren iyaka 'yan'uwan na nan ne, wasu ma tare aka yi yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da su. Daga wannan lokaci bikin ya shiga kalandar gwamnati. Kuɗin mai ya shigo, zamanin da ƙasar ke kashe dukiya kan al'adu, wanda ya kai ƙololuwa da FESTAC a 1977 da babban hawan da aka yi a Kaduna. Aka gina rumfar manyan baƙi a bakin gulbi, aka gina masaukai da otal ɗin Grand Fishing, aka ƙara baje kolin amfanin gona, tseren raƙuma, harbin baka, har da tseren motoci. Kwana ɗaya ya zama huɗu. A 1976 Argungu ta koma Jihar Sakkwato, a ranar 27 ga Agusta 1991 kuma aka yanke Jihar Kebbi, bikin ya zama babbar tutar sabuwar jiha.

Wannan shi ne tarihin da ake samu a takardun gwamnati. Na makaɗa ba ya ciki, alhali su ne ma'aikatan da ba sa hutawa.

Ranar babban su, tun kafin hantsi masunta dubbai ke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homarsa biyu, ragar hannu mai bakin itace lanƙwasasshe, da ƙaton gora mai ƙaramin baki. Goran nan shi ne jirginsa, shi ne rumbunsa: ya kifa ciki a kansa ya yi iyo, in ya kama ƙaramin kifi ya jefa a ciki. Ana harba bindiga sai ƙasa ta ɗauki rugugi, ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwan ya koma launin kunu, ba ka ganin komai sai kawuna da goruna da ragogi na tashi suna faɗuwa. A tsakiyar wannan cunkoso jiragen makaɗa ke ratsawa. Mutum na tsaye a kan jirgi mai rawa, ganga a rataye, yana duka ba ƙaƙƙautawa, wani na kaɗa gora mai tsakuwa. Amon na razana kifi ya fito daga maɓoya ya nufi ruwa marar zurfi, inda homa ke jiransa. Kuma yana yi wa masuncin abin da kiɗan noma ke yi wa mai garma: idan aka kaɗa taken gidansu, aka kira sunan kakansa, mutumin da numfashi ya ƙare masa sai ka ga ya sake nutsewa. Tarwaɗa, balli, yauni, ramboshi, ƙurungu, duk ana fitowa da su, amma ido na kan giwan ruwa. In aka ga mutum ya rungumo ta, ihun da za a yi daga gaɓa zuwa gaɓa ya isa ya sanar da na cikin gari cewa an dace.

Kwana ɗaya kafin nan akan yi kabanci, wasannin ruwa na Kabawa: tseren jirgi, kamun kifi da tsurar hannu, kamun agwagwar ruwa, gasar nutso. Maza da samari ke shiga ruwa, mata na gaɓa suna waƙa da rawa da guɗa. Da la'asar a koma filin kokowa da dambe, inda ba a taɓa ɗaura ɗamara ba tare da kalangu ba. Da dare kuwa ba fili ɗaya ba ne. Ƙofar fada da tambura da algaita da kakaki, ƙofar gidajen hakimai da attajirai da makaɗan da suka biyo baƙinsu, dandalin 'yan mata, masu goge, masu gurmi, masu kukuma, ƙungiyoyin rawa daga Zuru da Yawuri da Nijar. Mutum ya tashi daga wannan unguwa ya bi amo zuwa waccan, har barci ya ci ƙarfinsa, bai fitar da ko sisi ba sai na tsire da shayi.

Yaya aka yi kiɗa ya zama kyauta, bayan makaɗi ba iska yake sha ba? Ƙasar Hausa ta daɗe da warware wannan lissafi. Wanda aka kira sunansa shi ke biya, sauran jama'a su ji a banza. Basarake ya ba da riga ko doki, attajiri ya yi kari, saurayi ya liƙa wa makaɗi don budurwarsa ta gani, sanƙira ya tsaya ya shelanta abin da kowa ya bayar, har da ɗan ƙari na baki don na kusa ya ji kunya ya motsa. Mai kuɗi na sayen suna, talaka na samun waƙa, makaɗi ya raba abin da ya samu da 'yan amshi da maroƙa. Tsarin na da aibinsa, ba musu. Yana koya wa mai hikima fadanci, kuma wanda ya ƙi bayarwa yakan sha zambo ko da shi ne mai gaskiya. Amma ya ciyar da manyan mawaƙa ba tare da tikiti ba. A wannan ƙasa ta Rima ne aka yi Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi mai taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan'anace na Gandi wanda kalangunsa ya sa sunan Shago ya wuce zamanin dambensa. Aliyu Ɗandawo ma, mutumin Shuni ne a ƙasar Sakkwato, ya yi zaman fadar Argungu kafin ya koma Yawuri. Basakkwace yana wasa Sarkin Kabi a ƙofar gidansa: in ana neman shaidar cewa sulhu ya kama ƙasa, wannan ta fi min jawabin kowane Razdan.

Shigowar gwamnati ta taɓa wannan tsari ta inda ba a zata ba. Da aka kafa dandamali da lasifika da jerin shirye-shirye a takarda, makaɗi ya zama mai jiran a kira shi, a ba shi minti biyar gaban manyan baƙi, a biya shi ta hannun kwamiti. Jawabai suka tsawaita, kiɗa ya gajarta. Kamfanonin sadarwa da na lemo da bankuna suka shigo da allunansu da mawaƙan zamani, wanda ba laifi ba ne, matasa na son su, kuma kyautar da suke kawowa ta ɗaga darajar gasar. Sai dai mai ganga a cikin jirgi, wanda ba don shi ba kifin ba zai motsa ba, ya zama ado a hoton 'yan jarida. Duk shekarar da aka yi bikin jaridu kan kawo nauyin kifin da ya ci har da ɗigo, su kawo sunan ministan da ya wakilci wane, amma da wuya ka ga sunan makaɗi ɗaya.

Kyauta ma da ta girma ta jawo nata rikicin. A da abin da mai babban kifi ke nema suna ne, a kira shi a gaban sarki. Daga baya aka koma mota, kuɗi, kujerar Makka. A 2005 kifin da ya ci ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a kan sikeli. A 2008 aka bayyana wani da kifi mai kusan kilo 66 a matsayin zakara, daga baya aka gano kifin ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka kawo shi aka ɓoye. Aka karɓe kyautar. Abin da ya burge ni a labarin shi ne asirin bai ɓoyu ba a garin da kowane yaro ya san bambancin kifin da ya fito ruwa yanzu da wanda ya kwana.

Babbar barazana kuwa daga sama take gangarowa, ina nufin saman gulbi. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa a hanyar jami'ar Sakkwato shi ne ke isa Argungu, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 ba shi da 'yancin kansa. An gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, wadda ta jawo tarzomar manoma da zubar da jini a 1980, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. An gina su don noman rani, sun kuma yi amfani ta wannan fuska, amma sun rage ambaliyar shekara-shekara da ke malala cikin fadama, inda kifi ke ƙwai, inda shinkafar gargajiya ke tsiro. Ga yashi na cike gurabu, ga injinan ban ruwa na zuƙa daga kowace gaɓa. Zurfin Matan Fada a watan Fabrairu yanzu ya danganta da abin da aka saki daga ƙofofin madatsa. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa saboda ƙarancinsa. A Satumbar 2010 kuma aka ga ɗaya fuskar, ruwa ya ɓalle daga Goronyo ya cinye garuruwa da gonaki, ya yanke hanyar jami'a. Sarkin Ruwa na iya sallamar kada, amma makullin madatsa ba ya hannunsa.

Bayan bikin 2009 sai aka yi tsit. Dalilin da aka bayar tsaro ne, kuma ba ƙarya ba ne: shekarun ne na bama-bamai a Arewa, babu gwamnan da ke son ya tara dubban mutane da jakadun ƙasashen waje a fili buɗe. Amma shekara goma ta wuce abin da tsaro kaɗai zai bayyana. An ci gaba da hawan salla a manyan birane, an ci gaba da cin kasuwa, an yi yaƙin neman zaɓe sau uku da taruka cike da filaye. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce bikin ya yi girman da fada da mutanen gari ba sa iya ɗaukarsa su kaɗai, ya zama sai gwamnati ta sa hannu a aljihu, kuma in ta ga dama. Wanda ya ba ka riga yana iya cewa yau ba za ka fita ba. Masaukan bakin gulbi suka lalace. Yaran da aka haifa a 2005 suka kai munzali ba su taɓa ganin babban su ba sai a waya. Masu dakon kaya, masu abinci, masu saƙar raga, masu fafe gora, makaɗan da ke lissafa shekararsu da wannan mako, kowa ya nemi wata hanya. A tsakiyar wannan shiru ne, a ƙarshen 2016, hukumar UNESCO ta zauna a Addis Ababa ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An karrama shi a shekara ta bakwai da rabonsa da fitowa.

Ba na son a ɗauka cewa hannun gwamnati ne kawai cutar, domin maƙwabtanmu sun nuna akasin haka. A Nijar gwamnati ce ta kafa gasar kokowa ta ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohi, kowane babban gari da filin kokowarsa, makaɗa na nan a gefen fage, kuma duk juyin mulki da fari da rashin tsaron da ƙasar ta sha, shekarun da aka tsallake ba su taka kara sun karya ba. Sun mai da abin doka da al'ada, ba alfarmar mai mulki ba. Ga kuma wani misali daga kudu: a Abidjan, A'Salfo na ƙungiyar Magic System ya kafa bikin kiɗa na FEMUA a 2008 a Anoumabo, unguwar talakawa inda ya tashi. Kyauta ake shiga, mawaƙa na zuwa daga ƙasashe, kuma ta dalilinsa an gina makarantu. Can mawaƙa ne masu bikin, su ke neman masu tallafi, ba su ake nema ba. Argungu ta faɗa tsakanin biyun. Ta fi ƙarfin unguwa, ba ta kuma samu kafaffen tsarin da zai sa a yi ta ko gwamna na so ko ba ya so.

Duk da haka tushen bai mutu ba a shekarun shiru. Sarautun ruwa na nan, dokar hana su a Matan Fada na nan, masunta sun ci gaba da koya wa 'ya'yansu hawan gora, biki da suna da naɗin sarauta sun ci gaba da ciyar da makaɗa. Garin ma ya sami wani sabon suna ta wata ƙofa. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Jihar Kebbi, a 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, fadamar da ta ciyar da mayaƙan Nabame ta koma ciyar da Legas. Saboda haka da aka tashi farfaɗo da bikin, shinkafa ta zo a sahun gaba, dalar buhuna ta tsaya kusa da dalar kifi.

An dawo a ranakun 11 zuwa 14 ga Maris 2020, zamanin Gwamna Atiku Bagudu da Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ya gaji mahaifinsa a 1996. Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Jama'a sun yi cikar kwari, har zumuɗi ya sa masunta suka ƙagu da jiran bindiga, kuma kifin da ya ci ya kai kilo 78, abin da shekara goma ta hutu ta tara a ƙarƙashin ruwa. A lokacin an riga an sami mutum na farko mai cutar korona a Legas tun 27 ga Fabrairu. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, aka hana taruka a faɗin ƙasa, bikin da aka yi alƙawarin ba zai sake tsayawa ba ya sake shiga wasu shekaru na jira.